Sajan Sodangi, Mai Maida Kaya

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe Uban Ƙasa, Allah shi gafarta Malam Liman, maigidana Baturen 'Yan Sanda na Bodinga, dattawan Shagari da na Dandin Mahe da kunka taso tun da safe. Inna Atika, mahaifiyar mamaci, da Zulaihatu maiɗakinsa, da 'ya'yansa, ina gaishe ku da haƙuri.

Ni ne Sufeto Aliyu Idi. An ce in yi magana a madadinmu 'yan sanda don ni na fi daɗewa tare da Sajan Sodangi Malami. Na yarda, amma har yau ban ji mutuwar nan a jikina ba. Ina zuwa aiki, ina komawa gida, ina cin abinci. Iyakarta ke nan.

Ya kasance mai kula da sito. Wasu suna raba sabon kaya a yi musu godiya, shi nasa aikin karɓo tsoho. Wanda ya yi ritaya, wanda anka sallama, wanda ya rasu, Sodangi ne zai bi sawu ya karɓo kaki da hula da bel da ankwa. Oba-oba, rediyonmu ta hannu, in ta mutu, mota in ta kwanta, shi zai maida su Sakkwato. Ba a murna da ganinsa a ƙofar gida, kuma ya sani.

Ya kasance mai haƙuri da mutane. Da Kofur Abu ya rasu, mun tafi Dandin Mahe tare. Matarsa Kulu ta rungume rigar ta ce, "Ba ni badawa. Ita kaɗai ta rage da warinai."

Na ce mu ɗauka mu tafi, doka ce. Sodangi ya zauna bakin zaure ya cire hularsa. Ya ce mata, "Kulu, in kakin ga ya faɗa hannun ɓarawo, da shi za a tare hanyar Shagari ran kasuwa, a ce ɗan sanda ne. Ba ni son a yi haka da rigar Abu. Riƙe ta, in kin shirya ki aiko."

Bayan ta fita takaba, ita da kanta ta kawo, a wanke, a ninke.

Ya kasance mai rufa mana asiri. Bara da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sabon kaya ya daina zuwa. Ya nemi izinin gyara tsofaffin, anka ba shi. Takalman da ya karɓo ya kai wa dukawan kasuwar Shagari, riguna ya kai wa telolin Bodinga. Ku dubi kuratan da ke tsaye can baya. Rabin abin da ke jikinsu ta hannunsa ya biyo.

Ranar da abin ya faru, wata Landiroba ce da ta daɗe kwance a Mandera. Sodangi ya ce a jawo ta, ko injinta ya tada wata motar. Nuhu direba ya ja ta da babbar mota, Sodangi ya riƙe sitiyarin matacciyar a baya. A gangare sarƙa ta tsinke, ita kuma ba birki, ta kife da shi. Manoman albasa ne sunka ciro shi. Da na iso an rufe shi da zane. Na tsaya ina kallon taya, ban san dalili ba.

Inna, ɗanki bai taɓa kama ɓarawo ba, amma duk ɗan sandan da ya kama ɓarawo a shiyyar nan, da takalmin da ɗanki ya gyara ya yi gudu. Zulaihatu, ƙofofinmu a buɗe suke gare ki da yaran nan.

Saura saƙo guda. Tun ranar nan Nuhu bai fito daga gida ba, yau ma bai zo ba. Ɗazu Inna Atika ta kira ni ta ce, "Ka faɗa gaban jama'a, kowa shi ji. Ba Nuhu ya kashe min ɗa ba, kwana ne ya ƙare. Shi zo gobe shi ci tuwo gidana." To, na faɗa. Wanda ke kusa da gidansa ya kai masa.

Mun gode da zuwanku. Allah shi jiƙan Sodangi, shi yalwata kabarinsa, shi raya abin da ya bari. Mu da munka rage, Allah shi sa mu koma gare shi da imani. Malam Liman, bismilla.