Kora Iri Biyu Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Yahya Mai Gilashi. Mai unguwarmu da dattawan da ke kewaye da shi. Limamanmu masu daraja. Barista Nafisat, wadda ta baro ofishinta a Doka ta zo ta zauna da mu a ƙarƙashin rumfa. Iyayenmu mata da ke can baya, inda lasifika ba ta cika kaiwa ba. Matasan Badarawa da baƙinmu na Malali. Da kuma manyan baƙin da aka tanadar wa kujerun gaba, waɗanda har yanzu kujerun ne ke wakiltarsu: ina yi muku barka da zuwa, na nan da na hanya.

Ina godiya ga ƙungiyar ci gaban unguwa da ta ba ni wannan dama. Sunana Labaran Anas. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin tafinta a kotunan majistare na garin nan kafin in yi ritaya. Ni ne mutumin nan da ke tsaye a gefe, alƙali ya zuba Turanci na minti goma, ni kuma in juya ga mai ƙara in ce masa, "An ɗaga." An ce in bayyana muku yadda kotunan jiharmu suke, da irin ƙarar da kowacce ke ji, kuma an ce in taƙaita. Taƙaitawa kam sana'ata ce, za ku ji inda ta kai ni.

Kafin komai, ku riƙe kalma guda, wato hurumi. Mu da muka tashi a ƙauye mun san hurumi fili ne na bayan gari, inda ake kiwo, wani wurin ma inda ake binne mamata. A kotu kuwa, hurumi shi ne iyakar abin da doka ta yarda alƙali ya taɓa. Na daɗe ina ganin ma'anonin nan biyu ba su yi nisa da juna ba, domin na ga ƙararraki da yawa da aka kai hurumi ba su dawo ba.

To, ƙofa huɗu ce talaka ke iya ƙwanƙwasawa a jiharmu. Ta farko ita ce kotun shari'ar Musulunci, ƙarama da babba. Can ake kai aure da saki, da riƙon 'ya'ya, da rabon gado tsakanin Musulmi. Can ne alƙali ke jin Hausarka, kai ma kake jin tasa, saboda haka idan ka sha kaye ka san dalili. Can ne kuma za ka ga ɗan'uwan mamaci wanda bai taɓa zuwa dubiya ba, amma ranar rabo ya riga magatakarda isowa.

Ta biyu ita ce kotun gargajiya, ta 'yan'uwanmu waɗanda aurensu da gadonsu ke bin al'adar kakanninsu. Ba zan ja ta da tsawo ba, sai dai in roƙe ku, wanda ya sha kaye a kotun shari'a kada ya wayi gari ya tuno cewa yana da al'ada.

Ta uku ita ce tawa, kotun majistare. Sata, faɗa, cin amana, shiga gidan mutum ba izini, rigimar mai gida da ɗan haya, duk nan ake jibge su. Amma kisan kai da fashi da makami sun fi ƙarfinta. Idan an kawo mata irin waɗannan, sai ta ce a ajiye mutumin tukuna har a ji shawara daga sama, kuma ita shawarar nan, ya ku jama'a, ba ta hawa mota, a ƙasa take takowa.

Ta huɗu ita ce babbar kotun jiha. Manyan laifuka nata ne, tauye haƙƙin ɗan'adam nata ne, ƙarar da aka ɗaukaka daga majistare tata ce, kuma, ku buɗe kunne a nan, jayayya a kan wa ya mallaki fili a cikin birni tata ce. Can ne ake sa baƙar riga da farar hular gashi a tsakiyar zafin bazara, lauyoyi su sunkuya wa juna cikin ladabi, kowa ya kira ɗan'uwansa masani, sannan su haɗu a kan ranar da ba ta yi wa kowa daidai ba sai su.

Wannan shi ne darasin, kuma da a kotu ne da nan zan tsaya. Amma akwai wata baiwar Allah a cikin taron nan da ta ba ni izini in faɗi sunanta, Hajiya Zuwaira, matar marigayi Malam Garba maƙeri, ta layin bayan masallaci.

Shekara tara da suka wuce, tana cikin takaba, maƙwabcinta ya tayar da katanga. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da lauya. Katangar ta haɗiye lungun da ke gaban gidanta, ta toshe ƙofar zaurenta, ta toshe kwatar da ruwa ke fita. Da ta fita takaba ta tafi kotun shari'a, inda aka raba musu gado. Maƙwabcin ya zo da takardar fili mai hatimin gwamnati, ita ma ta fito da ta mijinta. Alƙali ya duba wannan, ya duba waccan, ya ce, "Hajiya, ba ni da hurumi."

Ta ce, "Allah sarki! Allah gafarta Malam, kai ma cinye maka naka aka yi?"

Ku yi dariya, an yi ta a ranar ma. Magatakarda ya ce mata ta gwada majistare, tunda an shigar mata gida. Haka ta faɗo hannuna. Sau shida tana zuwa. Ran farko babu wuta, ran biyu lauyan maƙwabci yana wata kotu, ran uku mai shari'a ya tafi taron ƙara wa juna sani, ran huɗu fayil ya tafi yawo. Ba ta taɓa makara ba, kullum da tabarmar sallarta a hammata.

A zuwa na shida mai shari'a ya yi hukunci, kuma ya yi daidai, ina shaida masa a gaban Allah. Ya ce tunda kowa na iƙirarin lungun nasa ne, maganar ta koma ta mallakar fili, ba huruminsa ba ce, saboda haka ya cire ta daga jerin ƙararrakinsa, mai ƙara ta tafi babbar kotu.

Ya ku jama'a, a Turancin kotu kora iri biyu ce, kowacce da kalmarta. Akwai korar da ke nufin an ji maganarka, an auna, ba ka da gaskiya, an gama. Akwai korar da ke nufin ka yi ɓatan ƙofa, ba a ko taɓa maganarka ba, je ka ƙofa ta gaba. Mu tafintoci duka biyun a buhu ɗaya muke zuba su. Ranar an riga an kira ƙara ta gaba, azahar ta gota, ni kuma na gaji. Na juya na ce, "Hajiya, an kori ƙararki."

Ta ce, "Malam tafinta, shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, sai haƙuri."

Ta ɗauki tabarmarta ta fita, ni kuma na mance da ita kafin la'asar.

Watan jiya na zo ta'aziyya layinsu. Ina zaune sai na ga wata dattijuwa ta fito daga ƙofar madafar gidan da ake makokin, tana cewa a gafarce ta, hanya take nema. Na tambaya, aka ce ai Hajiya Zuwaira ce, shekara tara ke nan ta nan take shiga gidanta, an huda mata bango ta baya. Aka ce duk damina ruwa har gwiwa yake kwana a tsakar gidanta, ɗaki ɗaya ya riga ya zube. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Na gane ka. Kai ne ka kore ni."

Na ce, "Hajiya, alƙali dai."

Ta ce, "Ni ban ji abin da alƙali ya ce ba. Kai na ji."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Washegari na je na nemi kwafin hukuncin, kuma abin mamaki fayil ɗin da ya saba yawo yana nan zaune. Na kai wa Barista Nafisat. Ta karanta, ta ce doka ta sa wa'adi ga mai neman filinsa, na Hajiya bai cika ba tukuna, amma saura ƙiris. Ta ce za ta tsaya mata saboda Allah. Ba ta yi alkawarin nasara ba, ni ma ba zan yi ba. Abin da na sani shi ne har yau babu kotun da ta ce Hajiya ba ta da gaskiya.

Saboda haka ina roƙonku, iyayena da ƙannena, duk wanda aka ce masa an kori ƙararsa, kada ya ɗauki takalmi sai ya tambaya: wace irin kora? An gama ne, ko ƙofa na ɓata? Ku tambayi tafinta, ku tambayi magatakarda, ku ɗaga hannu ku tambayi alƙalin kansa. Idan tafinta ya ɓata rai, ku ce Labaran ne ya aiko ku.

Allah ya shiryi alƙalanmu, ya ba lauyoyinmu kalandar da ba ta da ramuka da yawa, ya tsare harsunan tafintocinmu. Allah ya jiƙan Malam Garba da sauran magabatanmu. Allah ya kawo manyan baƙinmu lafiya, ko da bayan an naɗe rumfa ne, ya mai da kowa gidansa ta ƙofar gidansa.

Hajiya Zuwaira, na san lasifika ba ta kaiwa wurinku sosai, don haka zan ɗaga murya. Fassarar da ya kamata in yi miki shekara tara da suka wuce ita ce wannan: ba a kore ki ba, babbar kotu aka ce ki je. Ki yafe mini. Ranar Litinin ƙarfe takwas ina bakin ƙofar madafar nan ina jiranki, ni zan riƙe miki tabarma.

Na gode.