Iskar da Aka Saita wa Mamaci

'Yan'uwana matan zumunta, salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ni ce Rifkatu, matar Bitrus mai injin niƙa a Sabon Gari.

Tun da aka kawo ni gidansa ban san daɗin barci ba. Zai yi ta minshari har maƙwabta su ji, sai ya yi ɗif, numfashi ya tsaya. Sai na girgiza shi kafin ya farka yana haki. Haka yayansa ya kwanta bai tashi ba. Dangi suka ce maita ce, wasu har suna kallona.

Mama Saratu ta Samaru, wadda mijinta ya rasu, ta tausaya ta ba mu injin numfashin da ya sayo a Turai. Bitrus ya ɗaura a hanci, iska ta kumbura masa ciki, ya fizge ya tura ƙarƙashin gado.

Ya ce mini, "Maman Rahila, kayan mamaci kika kawo mini? Wannan abin ne ya ƙarasa shi!"

Na bar shi da taurin kansa.

Ana nan, da rana tsaka barci ya sace shi a gaban inji. Bel ɗin injin ya kama hannunsa. Yatsu uku suka tafi! Na je na tarar da jininsa cikin garin masarar mutane.

A barandar asibiti na durƙusa, addu'a ma ta ƙi jeruwa. Na ce, "Yesu, na gaji da gadin ran mutum. Ni ba Allah ba ce. Karɓi aikinka!"

Likitan da ya ɗinke hannun ya tambaya yadda ƙato zai yi barci a tsaye. Na faɗa masa komai, ya ce mu kawo injin numfashin. Ya ce in Bitrus ya yi barci maƙogwaronsa kan rufe, kamar tiyon da aka taka. Ƙarfin iskar ne ke riƙe hanyar a buɗe. In ta yi kaɗan hanya ta rufe, in ta yi yawa ta wuce ciki. Kowa da gwargwadonsa, namu kuwa marigayi aka saita wa. Ya rage, aka gwada, ya sake ragewa. Daga nan Bitrus ya yarda yana kwana da shi.

Yatsun ba su dawo ba. In aka ɗauke wuta, har yau zaune nake kwana, hannuna a ƙirjinsa. Amma in da wuta, ina juya masa baya in yi barcina. Ni Rifkatu!

Na gode wa Yesu. Ke ma da kike gadin wani, ki dogara gare shi. Shi dai barci ba ya sace shi.