Kabarin da Na Haƙa da Fartanya

Mai gabatarwa, ina gaisuwa. Ni ce Ladi, tsohuwa daga Illela.

Ƙarshen mulkin Turawa mijina ya rasu a Garu, mu kaɗai ne Kirista a garin. Ba wanda ya san yadda ake binne mu. Na haƙa kabari da fartanya, na sa shi ciki, ga sawun kura ko'ina. Ina kiran Yesu sai ga wani Bafillace da gatari. Na ce tawa ta ƙare.

Ya ce, "Mi kike yi, baiwar Allah? Kura za ta tone shi."

Ya saro ƙaya ya lulluɓe kabarin.

Har yau ina riƙe da bangaskiyata, ina jiran rai madawwami. Amma jama'a, ku ba ni shawara: wa zai sa wa nawa kabarin ƙaya?