Shatin Yatsa a Gilashi

A tashar mota, wani dattijo ya ƙura wa akwatin da ke cinyar wata mata ido.

"Baiwar Allah, me kika lulluɓe haka da baƙin ƙyalle?"

"Gilashin wurin aikinmu ne, Baba. Sinadarin ƙarfe muke shafa masa. Haske na taɓa shi sai ya rikiɗe shuɗi, ya tare hasken."

"To, ina abin ɓoyewa?"

"Shatin babban yatsa ke fitowa a tsakiya, har da tabon yanka. Shugabanmu kaɗai ke ɗaukar gilashi ba safar hannu."

"Sai ku yi masa magana mana."

"Wata uku ke nan da rasuwarsa. Wannan kuwa jiya na shafa shi da kaina."

Dattijon ya janye gwiwarsa daga kusa da akwatin.

"Kar ki buɗe, 'yata."