Limaminmu Ya Ƙi Sallatar Malam Sabo

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Allah ya ƙara lafiya.

Ni maɗinki ne a Soron Ɗinki. A hanyata ta Makka na zauna a Sudan, na ga Larabawan can suna zaɓe. Kowa da jam'iyyarsa, su yi ta musu, amma da an kira salla sai su haɗa sahu.

To ku ji na gida. Ranar Talata maƙwabcina Malam Sabo ya rasu. Muka fito da makara, sai limamin unguwarmu ya ce, "Ba zan sallaci ɗan waccan jam'iyya ba, ya bar hanyar Musulunci."

Na ce, "Allah gafarta Malam, mutumin da yake bin ka salla tun yana saurayi?"

Ya kaɗe rigarsa ya shige gida. Gawa tana rana, 'ya'yan mamaci suna kuka, dattawa sun sunkuyar da kai. Ni da ko saukar Alƙur'ani ban yi ba, ni na shiga gaba.

Wallahi abin ya ba ni ƙyama. Malaman da ke saurare, ku gaya mini: wannan limamin zan ci gaba da bi salla?

Naku, Alhaji Garba.