Wa Zai Wuce Baba a Layin Ciki?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, uban ƙungiyarmu ta direbobi, wanda ya koya wa rabin mutanen ɗakin nan riƙe sitiyari, sauran rabin kuma ɗalibansa ne suka koya musu, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Babban baƙonmu, jami'in kiyaye haɗurra, wanda yau ne karo na farko da muka hango shi ba mu sauya hanya ba. Shugaban tasha da mataimakansa. Direbobin bas, direbobin tirela da na tanka. Kanikawa, masu faci da masu gyaran wutar mota. Iyayenmu mata masu sayar da abinci a tasha, waɗanda suka san cikin kowane direba fiye da likitansa. Da kuma bayin Allah uku da ke zaune can baya, waɗanda suka shigo suna zaton nan ake yankar tikiti: ina yi muku barka da zuwa baki ɗaya.

Bayan haka, ina godiya ga kwamitin da ya zaɓe ni in yi wannan jawabi, kuma ya dace jama'a su san yadda zaɓen ya gudana. Muna cikin zama na fita amsa waya, minti biyu kacal, na dawo na tarar an zaɓe ni ba hamayya, har an yi addu'ar tashi. Dalilinsu shi ne ni ke auren 'yar Baba, wai ko ya yi fushi ba zai iya kora ta da nisa ba. Ina kuma godiya ga ita uwargidan tawa, wadda ta ƙarfafa mini gwiwa yau da safe. Ta raka ni har ƙofa ta ce, "Idan ka sa babana ya sunkuyar da kai a gaban mutane, ka nemi inda za ka riƙa cin abinci." Don haka duk wanda ya ga takardar nan tana rawa a hannuna, ya sani ba fanka ba ce.

Batun da aka ba ni shi ne ladubban bin layi a babban titi, kuma zan kawo shi a matakai uku.

Na farko. Babban titi layi biyu gare shi a kowane hannu, kuma ba don ado aka ja farin fentin da ke tsakaninsu ba. Layin gefe, na dama, shi ne gidan kowa: mai kaya, mai haƙuri, mai tsohuwar mota, da wanda matarsa ke zaune kusa da shi tana kallon maleji. Layin ciki kuwa, na hagu, wanda ke jikin katangar tsakiya, na wucewa ne kawai. Ka duba madubi, ka kunna sigina, ka shiga, ka wuce, ka koma gefe. Kamar ƙofar ɗaki yake, ana bi ta cikinta ne, ba a shimfiɗa mata tabarma. A nan zan ja kunnen mai hawa kan farin layi ya raba motarsa biyu, don kada wani layin ya ji haushi. Zan ja kunnen mai manne wa na gaba har ya iya karanta saƙon da ke wayar fasinjan kujerar baya. Zan kuma ja kunnen mai kunna sigina bayan ya gama shiga, wato yana ba mu labarin abin da ya riga ya faru. Duk wannan ba ilimina ba ne. Baba ne ya koya mana shi, kuma da ranƙwashi ya koya mana. Akwai masu sanƙo a ɗakin nan da ba gado suka yi ba.

Na biyu. Jama'a, a nan ne maganar take da nauyi, kuma ina roƙon wanda ke kusa da ƙofa ya bar ta a buɗe.

Kowa ya san idan mota ta fito daga tasharmu, ta mahaɗar da aka yanka a katangar tsakiya take shiga babban titi, wato kai tsaye a layin ciki take sauka. Kowa ya san ƙarfe bakwai na safe Baba ke fita da farar bas ɗinsa. Kowa kuma ya san, ko da yake ba wanda ya taɓa furtawa a bainar jama'a sai yau, cewa shekara uku ke nan Baba in ya shiga layin ciki ba ya fita. A nan yake zama, a kan kilomita arba'in a awa, har sai titin ya ƙare.

Mu kuma ba ma wuce shi. Wa zai wuce Baba? Wane ne zai taka totur ya bar wa mutumin da ya koya masa giya ta ɗaya hayaƙi a fuska? Sai mu jeru a layin gefe, na farkonmu daidai tayarsa ta baya, sauran na biye, kowa ya gyara hula, kowa ya rage rediyo. Baƙin motoci su zo su tarar da ciki a toshe, gefe a toshe, su ma su bi sahu suna zage-zage. Ranar da aka ƙidaya, mota sittin da ɗaya ce.

Ku tambayi Mai Ƙanƙara, ga shi nan zaune. Ƙanƙara yake lodawa da safe, ruwa yake saukewa da rana, har abokan cinikinsa sun daina zuwa da buhu, sun koma zuwa da bokiti. Ku tambayi Mai Kaji, wanda ya rantse ya ɗauko 'yan tsaki kwana ɗaya da ƙyanƙyasa, kafin ya isa biyu daga ciki sun yi cara. Mutanen ƙauyukan da ke bakin titi, in sun hango mu tafe a hankali a jere, miƙewa suke yi suna addu'a, suna tambayar wane babban mutum ne ya rasu, kuma me ya sa kullum ake kai shi. Shi kansa babban baƙonmu ya gaya mini cewa sau biyu yana mayar da na'urar auna gudu ofis yana cewa ta lalace, don ba ta taɓa nuna masa fiye da arba'in ba.

Wata rana wani fasinja mai ɗaurin wuya ya gaji, ya daka wa direbanmu Gajere tsawa: "Direba, wuce tsohon nan mana!" Gajere ya juyo ya ce, "Wane tsoho?" Ya ce, "Wancan mai farar bas." Gajere ya taka birki ya ce, "Sauka. Ka je ka wuce shi da ƙafarka." Mutumin ya sauka. Abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne, ya wuce shi ɗin.

Muna ta dariya, ni ma ina yi, har ranar Talatar makon jiya. Ranar ni ne a daman Baba, kuma bayansa a layin ciki babu kowa. Wani baƙon direba ya taho da tirela cike da siminti, bai san Baba ba, bai san mu ba, shi dai ya san layin ciki na masu gudu ne. Na ji ƙarar birki kafin in gan shi. Na ga hayaƙin taya ya rufe madubina. Tirelar nan ta ja jiki ta ja jiki, ta tsaya tsakaninta da bas ɗin Baba bai kai tsawon hannuna ba, kuma mutum goma sha takwas ne a cikin bas ɗin. Jama'a, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ƙafata ta kasa samun birki. Ranar ce kwamiti ya ce lallai a yi wa Baba magana, kuma ranar ce wayata ta yi ƙara muna cikin zama na fita amsawa.

Na uku. Jiya da hantsi na ce ba zan soki surukina a gaban taro ba tare da ya sani ba, sai na tafi gidansa. Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi lafiyarsa, da ta Inna matarsa, da ta maƙwabta, da ta bas, har na fara tambayar lafiyar tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka." Na runtse ido na ce, "Baba, jama'a na roƙon ka riƙa komawa layin gefe."

Sai ya ce, "In kana biye da ni, a ina kake tsayawa?"

Na ce, "A damanka, Baba, daidai tayar baya, saboda girmamawa."

Ya ce, "To ta ina zan koma gefen? Ta kanka?"

Jama'a, ku saurara da kyau. Ashe shekara uku ke nan wuyan Baba ba ya juyawa dama. Madubi kaɗai ya rage masa, kuma duk sanda ya duba madubin, hancin motar ɗayanmu yake gani. Ya ce da farko yana kan tamanin, ya rage zuwa sittin don mu wuce ya samu fili, sai ya ga mu ma mun rage. Ya koma hamsin, muka koma hamsin. Ya koma arba'in, muka bi shi cikin ladabi. Ya ce, "Da an ƙara shekara guda, da tsayuwa za mu yi cak, a zo a gina mana rumfa."

Na ce, "Baba, ai da ka kunna sigina."

Ya dube ni irin duban da yake yi kafin ranƙwashi. Domin, jama'a, Baba ya kunna. Kullum yana kunnawa. Mu ne muka ga siginarsa ta dama tana ƙiftawa tun daga tasha har ƙarshen titi, muka ce wayyo, motar Baba ta tsufa. Muka kira mai gyaran wuta a ɓoye ya duba, bai ga komai ba. Muka sake kiransa, bai ga komai ba. A karo na uku muka ce ya cire ƙwan gaba ɗaya, don kada baƙi su yi wa Baba dariya. Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, ni na riƙe masa sukudireba.

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mana?" Ya ce, "Ni da na koya muku tuƙi, in tara ku in ce na kasa komawa gefe?" Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni cin abincin rana. Ya ce, "Shekara hamsin ina kan titi ban san tsoro ba, sai da kuka fara girmama ni. Kullum da safe sai na yi wa Innarku sallama sau biyu." Ya ce in zo in faɗa muku haka, don shi bakinsa ba zai iya ba.

Saboda haka, 'yan'uwana direbobi, takardar da kwamiti ya rubuta mini ta roƙon Baba ya gyara tuƙinsa, ga ta nan na ninke ta. Roƙona gare ku ne. Daga gobe, duk wanda ya samu kansa a daman Baba, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar masa filin mota huɗu. Ba rabin mota ba, Gajere, mota huɗu. Ya ƙifta masa fitila sau ɗaya, ya jira ya shiga gefe cikin natsuwa. Sannan ya duba madubi, ya kunna sigina, ya wuce ta hagu kamar yadda aka koya masa. Ba a gaisuwa da hannu biyu, ba a cire hula, ba a rusunawa a kan sitiyari. Mai son gaishe da Baba ya san gidansa. Abin da za mu yi wa Baba kuma shi za mu yi wa kowane mai neman komawa gefe, ko mun san shi ko ba mu san shi ba, don ba mu san wuyan wa ke juyawa ba. Mai gyaran wuta, ka mayar da ƙwan nan yau kafin la'asar.

Baba, na san ba wanda zai yarda ya fara, don haka ni zan fara. Gobe ƙarfe bakwai zan ja baya in buɗe maka hanya, in ka shiga gefe zan wuce ka. Shekara ashirin da biyu ina bin bayanka, ban taɓa ganin bas ɗinka a madubina ba, kuma na san idona zai kawo ruwa. Ka yafe mini wucewar, ka yafe mana shekara ukun.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sassauta masa wuya. Allah ya tsare direba da fasinja, da mai tafiya a ƙasa, da baƙon da bai san mu ba. Allah ya ba mu birki mai kamawa da hankali mai kamawa kafin birki. Ya ba mu ikon girmama manyanmu ta hanyar da za su kai gida da ransu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tashi taronmu cikin alheri.

Na gode.