Roƙona ga kawun Dakta Loisa

Malam Fasto, da shugaban cibiyar binciken teku, Inna Merisa mahaifiyar marigayiya, Elaija kawunta, 'yan'uwana mutanen Milne Bay mazauna Townsville, ina gaishe ku da zaman makoki. Ni ne Banabas, abokin aikin Dakta Loisa Tauwaigu. Tsibirinmu ɗaya da ita, ko da yake na daɗe rabona da shi.

Ta kasance mai taurin kai, kowa a nan shaida ne. A bayan ƙauyensu akwai inda iska ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku tana sa ruwan tsami. Muna yara muna wasa da kumfar. Loisa ce ta fara nuna mana cewa murjanin wurin ba ya reshe, kuma ƙumbar wurin da yatsa ake fasa ta. Ta ce haka tekun duniya zai koma idan ya ci gaba da shan hayaƙin injuna.

Ta kasance ba ta raina mai tambaya. Ranar da ta tara mutanen ƙauye ta jefa ƙumba cikin ruwan lemun tsami suka ga tana zagwanyewa, Elaija ya ce, "To 'yar nan, wane mara aikin yi ne ke matsa lemo a teku?" Ta ce, "Kawu, har da kai, duk ranar da ka tayar da injin jirginka." Ya ce, "Ka ji ta! Ɗan injina da ko tudu ba ya hawa?" Aka yi dariya. Daga baya ta faɗa mini gaskiyarsa ce, masu matsa lemon suna nesa.

Nesan muka yi ta bi muna faɗa musu. Ana tafa mata, a ba ta lambar yabo, a koma gidan jiya. Na gaji da tafi. Shugaba, ban ɗora maka laifi ba, na ga yadda ka yi ta fafutukar kada a rufe aikinta. Amma waɗanda suka aiko furannin nan su ne suka ce mata a jira baɗi da ta nemi su taimaka.

Ta kasance, shekara goma sha wani abu, ba ta taɓa bari awon tsamin ruwan bayan ƙauyensu ya yanke ba. Na'urar awon tana can ƙasan teku, kuma idan ba a sauya mata batir kafin ƙarshen wata ba, za ta mutu. Awon da ya yanke kuwa, da shi masu musun tsamin teku suke fakewa.

Elaija, ga inda maganata take. Ka ce da kun isa gida da gawar za ka kafa sanda da ganyen kwakwa, ka sa gwala, dokar hana taɓa ruwa ta al'adarmu, a tekun bayan ƙauyenku. Ba kamun kifi, ba nutso, sai an yi bukin ƙarshen makoki. Girma ne da ba kowa ake yi wa ba. Amma na'urar tana cikin wurin da za ka rufe. Jiya da na same ka, ka ce, "Banabas, kai da ka zama Bature, kai za ka koya mini binne 'yar ƙanwata?" Ya yi mini zafi, don akwai gaskiya a ciki. Ko jana'izar mahaifiyata ban samu zuwa ba.

Wani a ofis ya ce in shiga a ɓoye, wa zai gani? Ba zan yi ba. Wurin na danginku ne, kai ke da iko da shi. Gwala za ta hana masunci, kifi ya huta. Tsamin ba ya ganin sanda.

Ga roƙona, a gaban Inna Merisa. Kai ka tuƙa kwalekwalen da hannunka, ka kai ni sau ɗaya, in nutse in sauya batir in fito, ko tsakuwa ba zan ɗauko ba. Na yanki tikiti, zan bi gawar tare da ku. Idan ka girgiza kai a bakin ruwa, zan ajiye kayan nutso in ɗauki doyar makoki kamar kowa, kuma ba za ka sake jin zancen a bakina ba.

Na gode wa matan coci da suka ciyar da mu. Allah ya ji ƙan Loisa, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta, ya kai gawarta gida lafiya. Ni da Elaija kuma, ya ba mu haƙurin zama a jirgi ɗaya. Amin.